Martani: Shebur Kaɗai Bai Warkar da Dareta Ba



Ɗan'uwa, rubutunka ya iso mana nan yammacin Zamfara, na kuwa karanta shi sau biyu, na farko a tsaitsaye a bakin shago, na biyu da dare bayan gida ya yi shiru. Da farko na so in bar shi ya wuce. Amma matasan majami'armu sun yi ta miƙa wa juna shi, har ranar Lahadi bayan an tashi sujada wani yaro da nake ji da shi cikin 'yan Sabon Rai ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ashe wa'azin tuban nan da ake yi mana duk ɓata lokaci ne?" Saboda yaron nan na ɗauki alƙalami.

Bari in maimaita maganarka tukuna, kada a ce na yi maka ƙari. Ka ce masu bi na Arewa sun fi shekara ɗari ana yi musu wa'azin sabuwar zuciya da miƙa kai ga Allah, ga su nan har yau a baya, babu jari, babu kujera, babu tsaro. Ka ce Turawan mishan ne suka ɗora mu a kan wannan hanya don mu zuba wa sama ido mu bar wa wasu kasuwa da mulki. Ka ce ka ga tarurrukan falkaswa ba adadi, mutane su fito gaba su yi hawaye, gari na wayewa kowa ya koma halinsa, don hali zanen dutse ne. Abin da ikkilisiya take bukata yanzu, a ganinka, katin zaɓe ne da haɗin kai da kuɗi da ƙarfin kare kai, zancen zuciya kuwa a jingine shi sai ƙura ta lafa. Ka kafa hujja da Nehemiya wanda ya gina ganuwa da takobi a ɗamara. Sannan ka kawo ƙauyen Dareta na nan Zamfara, ka ce da guba ta yi ta kashe yara a can, shebur da baro da maganin likita ne suka tsai da mutuwa, ba addu'a ba.

Ciwon da ya sa ka rubuta, ba na musunsa. Mu da muke bin hanyar Anka da Bukkuyum zuwa Gummi ba sai an ba mu labari ba. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun shafe kwanaki suna ƙone ƙauyuka tsakanin Anka da Bukkuyum; gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, waɗanda suka yi jana'iza suka ce sun kai 200. Mun ga 'yan gudun hijira sun cika kangon sabuwar fadar Sarkin Anka. Mun san abin da ake nufi da sayar da shanun huɗa don a haɗa kuɗin fansa. Galibin waɗanda ake kashewa a nan maƙwabtanmu ne Musulmi, mu tsiraru ne a cikinsu, kuma harsashi ba ya tambayar suna. Saboda haka ba daga inuwa nake amsa maka ba. Amma tun da kai ka kawo Dareta, to mu tsaya a Dareta, don rabin labarinta ka bayar.

A farkon 2010 agwagin ƙauyukan yankin Dareta suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai abin ya koma kan ƙananan yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, sai rasuwa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da maganinsu, bai yi ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, gwajin jini kuma ya nuna dalma ce. Da ƙwararrun hukumar CDC ta Amurka da na ma'aikatar lafiya suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma cikin watan Mayu, suka ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A yankin gaba ɗaya yara fiye da 400 suka tafi.

Ta ina gubar ta shigo? Farashin zinari ya haura dala 1,200 kowace oza a shekarar, noma kuwa ba ya kai mutum ƙarshen rani. Magidanta suka shiga ramuka suna fito da dutse mai zinari, ba su san jijiyar da suka faɗa cike take da dalma ba. Ba a barin dukiya a daji, sai aka riƙa ɗauko duwatsun a buhu ana kawowa cikin gida. Mata suka daka a turmi da goyo a baya, aka niƙa a injin da ake niƙa hatsi, aka shanya a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Ƙurar ba ta da wari, ba ta da ɗaci. A wasu wuraren da aka auna, dalma ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙasar. Katangar gida tana nan daram, ƙofa a rufe, ba ɓarawo ba maƙiyi, abin da ke kashe 'ya'yan gida kuwa masu gida ne suka ɗauko shi a ka da niyyar ciyar da su.

Gaskiyarka, shebur ya yi aiki. Daga watan Yunin 2010 ƙwararrun TerraGraphics da na Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da samarin gari, suka bi gidaje suna kankare ƙasar sama, su zuba a buhu su kai rami bayan gari su binne, su kawo sabuwar ƙasa su shimfiɗa. Har ma akwai abin da zai ƙara wa hujjarka ƙarfi wanda ba ka faɗa ba: likitoci ba sa fara bai wa yaro maganin da ke janye dalma daga jini sai an share gidansu, don in ya koma cikin ƙurar aikin banza aka yi. Shi ya sa yaran ƙauyen Bagega kusan 1,500 suka zauna jiran magani har 2013, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin sharar bayan an yi ta kiraye-kiraye. Wanda duk ya ce a yi addu'a kawai a bar ƙasar nan yadda take, da alhakin yara a wuyansa.

Amma shebur ya gama nasa a Dareta cikin 'yan makonni, MSF kuwa ba ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha ba sai Fabrairun 2022, kusan shekara goma sha biyu. Me ya ci waɗannan shekaru? Daga cikin manyan dalilai akwai wannan: a wasu gidajen da aka share tas aka shimfiɗa sabuwar ƙasa, da aka dawo aka auna sai aka tarar dalma ta koma, domin buhun dutse ya sake shigowa ta ƙofar da ya saba. Sarakuna da hakimai sun yi umarni a fitar da niƙa bayan gari, an koya wa mahaƙa su jiƙa dutse kafin su niƙa, su yi wanka su sake tufafi kafin su shiga wurin iyali. Duk da haka babu dogarin da zai kwana a zauren kowa. Gidan da ya tsira shi ne gidan da maigida ya yanke a ransa, shi kaɗai ba mai ganinsa, cewa ko zai yi asara dutsen nan ba zai ƙara ƙetare masa ƙofa ba. Wannan yankewar ba a kawo ta a mota daga Gusau ko daga Turai.

Kada a juya mini magana. Ban ce zunubin iyaye ne ya kashe yaran Dareta ba, Allah ya kiyaye bakina daga wannan. Talauci ne ya tura su rami, rashin sani ya kai dutsen cikin gida, hukumomin da ya kamata su sa ido kuma suka yi barci. Abin da nake nuna maka shi ne misalin da ka zaɓa don ka kore zancen zuciya, shi da kansa yana ba da shaida cewa gyaran waje ba ya zama sai ciki ya amince.

To, mene ne wannan sabuwar zuciya da kake so a jingine? Ina jin a nan muka rabu, don abin da ka bayyana a rubutunka ni ma ba na kare shi. Fitowa gaba a taron falkaswa saboda ganga ta yi daɗi, ko saboda mai wa'azi ya tsorata mutane da wuta, a rubuta suna a kati, a koma gida a ci gaba da tauye mudu, wannan wankan jirwaye ne. Laifinmu ne mu dattawa da fastoci da muka riƙa ƙirga hannuwan da aka ɗaga muna aika rahoto, ba mu bi mutum kasuwa mun ga mudunsa ba. Abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi ya fi wannan nauyi nesa. A Markus sura 7 Yesu ya nuna wa masu tsantsenin wanke hannu cewa maɓuɓɓugar sata da kisa da haɗama da ha'inci tana cikin mutum. Ka ce hali zanen dutse, Bahaushe kuwa bai yi ƙarya ba in dai ƙoƙarin mutum ake magana. Amma alkawarin da ke Ezekiyel sura 36 bai ce za a goge zanen ba, cewa ya yi Allah zai cire dutsen ɗungum ya sa mai rai a gurbinsa. Wanda bai gaskata Allah yana iya wannan ba, ban san abin da ya rage masa na bangaskiyar Kirista ba, sai dai suna da ranar hutu.

Alamarta kuma ba a ɓoye take ba. Zakka mai karɓar haraji na Yariko, a Luka sura 19, da Yesu ya shiga gidansa abin da ya fara taɓawa aljihunsa ne: rabin dukiya ga matalauta, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Ka lissafa abin da wannan tuba ɗaya ta zuba a hannun talakawan Yariko, sannan ka gaya mini ko zancen zuciya zancen sama ne kawai. A garuruwanmu yau, wa ke gaya wa 'yan bindiga cewa wane ya sayar da waken suya jiya, kuɗin suna ɗaki? Wa ke kai musu fetur da burodi da katin waya? Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Infoma ba daga daji yake fitowa ba, a layinmu yake kwana, wani a masallaci yake salla, wani kuma, mu faɗa da kunya, yana da baftisma. Soja na iya korar na daji. Na cikin gari kuwa, in ba tsoron Allah ya kama shi ba, sai dai ya sake ubangida.

Haka zancen miƙa kai gaba ɗaya. Umarnin da Yesu ya kira mafi girma a Markus sura 12 bai bar wa mutum wani lungu na ransa da zai ɓoye wa Allah ba, kuma a lokacin tsoro ne ake gane ko an miƙa duka ko an rage. Na san samari masu waƙa a majami'a da suke da laya a ƙarƙashin riga, an kai su wurin boka an yi musu maganin bindiga ranar Asabar, ranar Lahadi suka miƙa hannu suka karɓi Jibin Ubangiji. Ba na yi musu dariya, tsoro ne, na kuma san tsoron. Amma in muka ce musu zancen zuciya ya dakata sai an sami lafiya, mun sa hannu ke nan a kan rabon: Allah ya riƙe Lahadi, boka ya riƙe sauran kwana shida.

Zan ba ka labarin kaina, don kada ka ce a kan wasu kawai na iya magana. Cikin shekarun nan an taɓa kawo masara ta taimako saboda waɗanda aka kora daga ƙauyuka, aka sa mu mutum uku mu raba, aka ce kowa a ba shi ba tambayar addini. A lokacin ɗan ƙanena bai daɗe da dawowa daga daji ba, mun sayar da abin da muka sayar kafin a sako shi, ƙafafunsa duk tabon sarƙa. Ranar rabo na sa dangin matata a farkon takarda, ko da yake ba su fi kowa bukata ba. Can da la'asar wata Bafulatana ta zo da yara biyu, ita ma an kore su daga rugarsu, ta durƙusa ta ce, "Baba, a taimaka mana ko da tiya guda." Na dube ta na ga fuskar waɗanda suka ɗaure yaronmu. Na ce ta ƙare. Buhu huɗu na nan a bayan ƙofa.

Ba wanda ya sani, ba wanda zai tuhume ni, wasu ma da sun ji za su ce na yi daidai. Ina da katin zaɓe a aljihu a ranar, ina cikin kowane taron haɗin kai da ake kira, duk abin da ka lissafa ina da rabona a ciki, ba ɗayansu da ya hana ni yi wa mai yunwa ƙarya. Abin da ya hana ni barci Ruhu Mai Tsarki ne. Da Lahadin Jibi ta zo aka miƙo mini gurasa, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Bayan sujada na faɗa wa abokan rabona abin da na yi, na auno masara daga rumbuna na mayar da abin da na karkatar, na shiga neman matar nan a tasha da kasuwa da wurin 'yan gudun hijira. An ce sun yi gaba. Har yau ban gan ta ba, kuma har yau ina ambatonta a addu'a. Tun daga ranar na daina yarda da duk wani shiri na ceton ikkilisiya da bai fara da irin zuciyar da na gani a ƙirjina ba.

Ka kafa hujja da Nehemiya, amma ka tsaya a sura 4. Ka buɗe sura 5. Ganuwa ba ta ƙare ba, maƙiya na kewaye, sai kuka ya tashi daga cikin gari: manya suna ba 'yan'uwansu bashi da ruwa, suna karɓe gonaki, har 'ya'ya suna tafiya bauta. Nehemiya bai ce a bari sai an gama gini ba. Ya tara manyan ya tsawata musu, ya sa suka mayar da gonaki a take, shi kansa ya ƙi cin abincin da ake ba gwamna. Mutumin da ka ɗauka madogara ya ga gyaran ciki ba ya jiran a gama katanga.

Ban hana kowa kare gidansa ba, ban kuma ce a ƙi zaɓe ba. Tambayata ita ce wace irin zuciya ce za ta riƙe makamin. Mu a Zamfara mun ga yadda aikin sa-kai ya fara da kare gari ya ƙare da yanka mutum a tsakiyar kasuwa don kawai Bafulatani ne, muka kuma ga abin da ya biyo baya. Kada mu ce wannan halin wasu ne. A Yelwan Shendam an kashe Kiristoci da dama a Fabrairun 2004, wasu a cikin majami'a. A farkon Mayu aka kai harin ramuwa aka kashe ɗaruruwan Musulmi, masu kai harin nan kuwa da yawansu sunayen Littafi Mai Tsarki suke amsawa. Ba a yi kwana goma ba Kano ta kama, aka kashe masu bi da ba su taɓa taka Yelwa ba. Wanda yake rubutu daga inda masu bi suke da yawa yana iya mantawa, amma mu da muke 'yan ƙalilan a Anka da Gummi mun san a kan wa ake biyan bashin ramuwar da aka ci a wani gari.

Ka san Fasto James Wuye na Kaduna. Duk abin da kake kira a yi, ya riga ka yi: ya shugabanci matasan Kirista masu ɗaukar makami, ya bar hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf. A ɗaya ɓangaren Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, suka fara aiki tare, amma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekara uku yana tafiya da Ashafa, suna kwana ɗaki ɗaya, zuciyarsa na raya masa ya danne shi da matashi. Ga zaman sulhu, ga hotuna, ga takardu, dalma kuwa na nan cikin jini. Sai da wani mai wa'azi ya gaya masa ido da ido cewa ba a shelar Almasihu da ƙiyayya a ciki, sannan abin ya karye. Mutanen nan biyu su ne suka shiga Yelwa suka zaunar da ɓangarorin har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 2005. Ka auna da kanka, tsakanin Wuye mai hannu biyu da makami da Wuye mai hannu ɗaya da sabuwar zuciya, wanne ya fi tsare rayukan masu bi.

Zancen Turawan mishan kuwa, akwai gaskiya a ciki. Wasunsu sun koya wa kakanninmu cewa siyasa ƙazanta ce, kasuwanci kuma tarko, mun kuwa biya kuɗin wannan koyarwa. Amma neman Allah da dukan rai ba a jirgin ruwa ya zo ƙasar Hausa ba. Tun wajen shekarun 1860 aka kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda matsayin da ya ba Isa, almajiransa da ake kira Isawa suka watsu, zuriyarsu ce ta nemi Likita Miller a Zariya wajen 1913. Mishan ta Wusasa kuma, inda aka nace a kan tuba da gaskiya, ita ta fitar da Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun kafin ta zama NPC. Ita ta fitar da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya riƙe ma'aikatar harkokin waje. Wa'azin zuciya bai ɗaure musu ƙafa ba.

In kana son ganin ikkilisiyar da ta sami duk abin da kake nema mana, dubi Ruwanda kafin 1994. Masu bi su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, makarantu da asibitoci a hannunsu, babban limamin Katolika na Kigali ya yi shekaru a kwamitin ƙoli na jam'iyya mai mulki. Cikin kwana ɗari aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa a cikin majami'u, masu baftisma suna sare masu baftisma. Za ka ce ai a ƙasar ce babbar falkaswar Gabashin Afirka ta tashi, a Gahini, cikin shekarun 1930, me ta hana? Tambaya ce mai nauyi, amsata kuma ita ce an bar tuba ta tsaya a kan giya da zina da sata, ba a kai ta kan ƙabilanci da zaluncin masu mulki ba. An share ɗaki an bar tsakar gida. Inda aka bar ta ta kai ƙarshe, ta haifi irin su Janani Luwum na Yuganda, malamin makaranta da ya tuba a 1948 ta hannun 'yan falkaswar nan, ya zama babban bishop, ya kai wa Idi Amin takardar ƙorafi a kan kashe-kashe, aka kashe shi a Fabrairun 1977. Mutumin da ya riga ya ba Allah ransa duka, ba abin da ya rage da mai mulki zai tsorata shi da shi ko ya saye shi da shi. Wanda bai bayar ba kuwa, ko mun jefa masa ƙuri'a don sunansa Bitrus ko Istifanus, ranar da aka buɗe masa baitulmali za mu ga abin da ke ciki, mun kuwa sha gani.

Saboda haka ina kira ga fastoci da masu bishara da dattawa, da iyayenmu na Zumuntar Mata waɗanda su ne ƙashin bayan kowace majami'a a ƙasar nan: kada ku rage wa'azin tuba, ku ƙara masa nisa. Ku kai shi kan mudu da bashi, kan rabon kayan taimako, kan kuɗin baiko, kan laya, kan abin da muke faɗa game da Fulani in mun rufe ƙofa. Wanda ya fito gaba ya yi hawaye, a tambaye shi wa zai je ya biya. Ku kuma ce wa jama'a su yanki kati, su yi sana'a, su kai yara makaranta da asibiti, wanda yake aikin zinari ya bar dutse da tufafin aiki a bayan gari.

Kai kuma ɗan'uwa, Allah ya ba ka alƙalami, matasa suna jin maganarka fiye da tamu. Yaron da ya tare ni a ƙofa yayansa yana hannun 'yan bindiga wata na biyu ke nan, kuma akwai masu zuga shi a kan wata ruga da ke kusa da su. Rubutunka ya zo masa a daidai lokacin da yake neman wanda zai ce masa zuciya ba ta da muhimmanci yanzu. Ina roƙonka saboda Almasihu ka sake rubutu ka gyara wannan magana, in kuma hanya ta yi kyau ka zo ka zauna da shi, ɗakin baƙi na nan a gidana.